Mangwaron da Na Ɗaure da Waya

A tsakar gidanmu na Tudun Wada akwai wani mangwaro da mahaifinmu ya dasa tun kafin a haife ni. Mai aure ne, wato an haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin na gida, shi ya sa 'ya'yansa ba su da zare ko kaɗan, kuma ko ka shuka ƙwallonsa ba irinsa zai fito maka ba. Mahaifinmu kafinta ne, a inuwar wannan bishiya yake fiƙe katako tun daga safe har la'asar. Shekara biyu bayan rasuwarsa aka raba gado, aka sayar da gidan ga wani Alhaji mai niyyar gina shaguna. Ban ga laifin kowa ba. Mu tara ne, gidan kuwa ɗaya.

Yayata, wadda ita ce babbarmu, ita ta kira ni a waya wata Laraba. Ta ce jibi masu injin yanka za su zo su sare bishiyar. Ta ce, "Kai ne ka yi boko a cikinmu, ka san yadda za a yi kada irin ya ɓace." Ban faɗa mata cewa bokon da na yi na siminti da ƙarfe ne ba. Injiniyan gine-gine ne ni, ban taɓa raya ko da barkono a gwangwani ba. Amma na ce mata to, kamar yadda na saba ce mata tun ina ƙarami.

Na je wurin wani dattijo mai renon dashe a bakin kogi, na yi masa bayani. Ya ce in yanko rassa masu kaurin fensir da sassafe, in naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, kada in bari rana ta taɓa su. Na kawo masa biyar. Ya fere kowanne da reza, ya tsaga kan ƙananan mangwarorin gida da ya raina a leda, ya cusa, ya naɗe. Bayan wata biyu na koma, na tarar huɗu sun bushe, ɗaya ya kama. A lokacin tuni an zuba dakali a inda bishiyar Baba take. Dattijon ya nuna mini wani ɗan kumburi a jikin dashen, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya ce, "Nan ne mahaɗar. Daga nan zuwa sama na mahaifinka ne. Daga nan zuwa ƙasa na kowa ne."

A wancan lokaci ina zaune ni kaɗai a gidan da na gina a bayan Romi, can inda gidaje suke fara tazara da juna, gonaki suna shiga tsakaninsu. Na gina shi ne da lissafin mutum shida. Kafin a gama rufi aurena ya mutu, yaran suka bi mahaifiyarsu Zariya saboda makaranta, sai na tare da katifa ɗaya da akwatunan littattafai, na rufe ɗakuna uku ban sake buɗe su ba. 'Yan'uwana ba su cika ƙetare gadar kogi su zo ba, ni ma ban cika gayyatarsu ba. Maƙwabtana mutanen kirki ne, yawancinsu daga kudancin jiha, muna gaisawa safe da yamma, amma gaisuwar ba ta taɓa wuce bakin ƙofa ba, kuma na san daga wajena ƙofar take rufe. Ranar Lahadi unguwar takan yi tsit da hantsi, kowa ya tafi coci, in zauna ina jin waƙarsu daga nesa ina shan shayi.

A ƙarshen damina na dasa mangwaron, a gefen gabas na tsakar gida, inda nake iya hango shi daga tagar ɗakina. Tsawonsa bai wuce ƙuguna ba, siriri ne, da ganye goma sha ɗaya. Na ƙirga su. Da yamma iska ta ɗan taso, na ga yana rangaji hagu da dama. A aikinmu, abin da ke motsi shi ne abin da zai faɗi, kuma duk karatuna da aikina a kan hana abubuwa motsi suka ƙare. Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko guntun rodi da ya rage daga ginin, da ƙullin wayar da ake ɗaure rodi da ita. Na kafa rodin dab da gindin dashen, na buga shi da guduma har ya nutse. Na ji yana ratsa wani abu a ƙasa, na ce wa kaina tsakuwa ce. Na ɗauko igiyar awon magina mai ƙarfe a baki, na saukar, na tabbatar rodin ya miƙe sak. Sannan na manna dashen a jikinsa, na ɗaure da waya a wuri biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya kamar yatsa uku a saman mahaɗar, na murɗe da filaya har sai da na girgiza rodin na ga ko ganye bai kaɗa ba. Na koma baya na dube shi, na ji irin gamsuwar da nake ji idan an cire katakon ginshiƙi aka tarar babu rami.

Katangata ta wannan gefe ba ta kai kafaɗa ba, don ban ƙarasa ta ba. A bayanta akwai filin da ba a gina ba, wanda wata tsohuwa maƙwabciyata take nomawa. Mijinta ya yi aiki a masaƙa kafin a rufe, ya rasu, ita kuma ta ci gaba da shuka masara da kuɓewa a duk filin da mai shi bai zo ba. Kowa Mama yake ce mata. Ranar tana cire busassun karan masara, sai ta ɗago ta leƙo.

"Malam, sannu da aiki. Wannan me ya sata?"

Na ce, "Wa, Mama?"

"Yaron nan da ka ɗaure. Ko a ofishin 'yan sanda ba a yi wa mutum irin wannan ɗauri."

Na yi dariya, na gaya mata tarihin dashen a taƙaice, na ce ba ni da wani in wannan ya karye. Ta ajiye karan, ta matso jikin katanga. Ta ce a garinsu sanda biyu ake kafawa, nesa da gindi, a ɗaure da tsumma sako-sako, a bar itacen ya riƙa wasa da iska, don da wasan yake yin ƙarfi. Ta ce ƙarfe zai yi zafi da bazara ya ƙona shi.

Na ce, "Mama, shekara ashirin ina tsayar da ginshiƙai, babu wanda ya taɓa faɗuwa."

Ta ce, "To, Injiniya. Ginshiƙin naka yana ƙiba?"

Na ɗauka zolaya ce, na sake yin dariya. Ta ɗauki karanta ta aza a ka, ta ce Allah ya raya, ta tafi. Na sha tambayar kaina dalilin da ya sa ban saurare ta ba. Da sauƙi in ce girman kai ne na mai digiri a gaban tsohuwar da ba ta yi makaranta ba, kuma akwai wannan a ciki. Amma ina jin abin da ya fi shi ne, na daɗe ba wanda ya sa mini baki a cikin al'amarina, har na manta yadda ake karɓar magana. Shawara ta zo mini kamar baƙon da bai yi sallama ba.

Duk ranin nan na yi masa hidima. Bokiti biyu daga rijiya kafin in tafi ofis, biyu idan na dawo. Na kewaye shi da ragar waya saboda awakin unguwa. Ya yi sabon ganye ja, ya koma kore, ya sake yin wani. Kansa ya wuce rodin da kusan kamu guda, ya yi nauyi. Shi ne abu na farko da nake dubawa da safe, kuma ba zan ɓoye ba, wani lokaci nakan yi masa magana. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya takan kira, ta tambayi lafiya, ta tambayi yara, sannan ta ce, "Ya mangwaron Baba?" In ce yana nan, ya ƙara ganye kaza. Da wannan tambaya hirarmu take tsawo. Kafin dashen, ba ma wuce minti biyu.

Na ga ɓawon yana kumbura a sama da ƙasan wayar. Na gani da idona, tun a watan sanyi. Na ga wayar tana nutsewa har ta fara ɓacewa a cikin jikinsa, na ga gefen da ke manne da rodin ya yi duhu. Na fassara wa kaina cewa itacen ne yake riƙe wayar, kamar yadda kankare yake riƙe ƙarfe, kuma hakan ƙarin ƙarfi ne. Sau ɗaya na ɗauko filaya da niyyar sassautawa, sai na ga sama ta fara haɗa gajimare a gabas, na ce ba yanzu ba, bari iskar farkon damina ta wuce tukuna.

Hadarin farko ya taso wata Talata da la'asar, ina cikin cunkoson motoci a kan gada. Na ga sama ta yi baƙi daga gabas, ledoji suna tashi sama da rufin shaguna, masu talla suna gudu da farantansu. Ruwan bai fi na rabin awa ba. Da na isa gida rana ta sake fitowa, ƙasa tana ƙamshi, yara suna wasa a kwata. Rodin yana tsaye sak yadda na kafa shi. Kan mangwaron kuwa yana kwance a cikin ragar, ganyensa duk laka. Ya karye daidai kan wayar sama, karaya mai tsabta kamar an sa wuƙa, domin a wurin kaurinsa bai kai rabin na sauran jikin ba. Abin da ya rage na Baba shi ne ɗan guntu mai tsawon yatsa uku, babu ganye ko ɗaya.

Na tsuguna a wurin ban san iya lokacin ba. Muryar Mama na ji daga bayan katanga, ta zo duba ko ruwan ya isa shuka. Ba ta ce ai ta faɗa mini ba. Ta zagayo ta ƙofa, karo na farko da ta taka cikin gidana, ta ce in kawo filaya da reza da kyandir. Ta sa na yanke wayar ƙasa, wadda sai da na tono ta daga cikin ɓawo. Ta sa na girgiza rodin a hankali na zare shi. Ya fito da guntun saiwa a jikinsa. Ta gyara bakin karayar da reza, ta ɗiga masa kyandir don kada ruwa ya shiga.

Ta ce, "Yanzu ka ji ni da kyau, Malam. Gindin nan yana da rai, zai yi toho. Duk wanda ya fito a ƙasan kumburin nan, ka cire shi, ko ya yi kyau kamar me. In ka bar shi, shi zai shanye abincin. Wanda kake jira a sama zai fito, in Allah ya so."

Na ce, "In bai fito ba fa?"

"In bai fito ba, ka sha mangwaro mai zare kamar sauran mutane. Mu ba mu mutu ba."

Makonni bakwai na yi ina wannan aiki, kuma ban taɓa yin aikin da ya fi shi ci mini rai ba. Damina ta zauna, gindin ya riƙa fitar da toho jajaye masu sheƙi, biyu, uku, wani lokaci biyar a mako. Kowace safiya in tsuguna in murƙushe su da farce, ƙamshin ɗanyen mangwaro ya kama yatsuna, sannan in sa tabarau in duba guntun sama ko zan ga ido ya kumbura. Ina kashe abin da yake son rayuwa saboda abin da ban tabbatar yana da rai ba. A mako na biyar guntun ya fara yamushewa daga sama. A na bakwai Mama ta kankare ɓawonsa da farcenta, ta matsa ƙasa ta sake kankarewa, har ta kai mahaɗar. Ko'ina ruwan ƙasa ne, babu kore.

Ta ce, "Ya tafi. Ka yi haƙuri."

Na so in tumɓuke gindin in jefar a bola, ita ta hana. Ta zaɓi toho ɗaya mai ƙarfi ta ce a bar shi. Da ya kai tsawon hannu, ta kawo sanduna biyu na dalbejiya. Muka kafa su ɗaya a kudu ɗaya a arewa, kowanne taƙi biyu daga gindi, inda ba za su taɓa saiwa ba. Ta ce in kawo tsumma. Na shiga na duba, na rasa. Gidan da babu mace ba ya tara tsumma. Ta kwance tsohon zanen da ta yi ɗamara da shi, na zumuntar matan cocinsu wanda ya koɗe, ta yage shi da haƙori gida biyu. Ta zagaya kowane ƙyalle a jikin tohon, ta gicciya shi a tsakiya, ta ɗaure a sanda, ta bar sarari har hannuna yana shiga. Iska ta kaɗa, tohon ya sunkuya ya dawo, ni kuwa hannuna yana ƙaiƙayin in ƙara ja. Ta ce duk wata in duba ɗaurin, kuma damina mai zuwa in cire sandunan gaba ɗaya. Haka na yi, ban ƙara ko rage ba.

Abin da ban yi ba shi ne faɗa wa Yaya. Juma'ar farko bayan hadarin na ce bari in ga ko guntun zai yi toho. Bayan ya bushe na ce bari in je har gida in faɗa mata baki da baki. Na je, na tarar tana fama da ciwon ƙafa, na ce ba yau ba. Daga nan maganar ta yi nauyin da ba na iya ɗaga ta. Tana tambaya, ina cewa yana nan, ina kwantar wa kaina da hankali cewa ban yi ƙarya ba, tunda akwai mangwaro a wurin kuma yana girma. Tsoron ɓacin ranta yana ciki. Amma na fi tsoron hirar Juma'a ta koma minti biyu. Shekara shida muka yi a haka.

Bana ya yi 'ya'ya na farko. Yaya ta ce ba za ta yarda in kai mata a leda ba, sai ta zo ta zauna a inuwarsa. Na je na ɗauko ta a mota. Na shimfiɗa mata tabarma, ta zauna da ƙyar tana miƙe ƙafa, ta daɗe tana kallon rassan. Na wanke guda uku na kawo mata a kwano. Ta yi bisimilla, ta ɓare ɗaya da haƙori, ta kai baki. Na tsaya a gefe kamar ɗalibi a gaban allo. Ta shanye shi har ƙwallo, ta riƙe ƙwallon tana juya shi, gashinsa tsaye ta ko'ina.

Ta ce, "Ciro mini tsinke a tsintsiya."

Na ciro na ba ta. Ta sakace haƙoranta a natse, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tun yaushe?"

Na faɗa mata komai, rodin da wayar da hadarin, har da maganar Mama da na yi wa dariya. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Shekara shida," in ji ta. "Kai dai tun kana yaro haka kake. Ka fasa tulu ka zauna a kan fasassun." Sannan ta ce, "Ka tuna aminin Baba na Makera, mai walda?"

Na ce na tuna shi sama-sama.

"Baba ya ba shi reshen bishiyar nan. Ni na kai masa da hannuna, ina budurwa, kai kana goye. Ya kama, ya zama ƙatuwar bishiya a ƙofar gidansa. Na manta da ita sam lokacin da za a sare tamu, hankalina ba ya jikina. Daga baya na je gaisuwar rasuwarsa na gan ta, har na ce a raina ashe biyu suka rage, da taka da wannan."

Na ce, "Tana nan?"

"Bara waccan 'ya'yansa suka sare ta, suka yi ɗakunan haya. Da aka gaya mini ban damu ba, na ce ai na ƙanena yana nan."

Ban iya hana kaina yin lissafin ba. Shekara huɗu cur bishiyar tana tsaye bayan nawa ya karye, tafiyar da ba ta kai minti ashirin ba daga inda nake tsugune ina murƙushe toho. Kalma ɗaya a waya ta isa.

Yaya ba ta yi mini faɗa ba. Ta nemi ruwa ta wanke hannu, ta ce in tsinko mata wasu ta kai wa jikokinta, su da ba su san na Baba ba za su ji daɗinsa. Na cika mata leda biyu. Mama ta leƙo ta katanga suka gaisa, suka ɗan taɓa hirar ciwon gwiwa da man da ake shafawa, kamar sun daɗe da sanin juna.

Da la'asar na mayar da ita. Hanyarmu ta bi ta Makera, kuma cunkoso ya tsayar da mu a daidai wata mahaɗa. Na ga ta ɗaga hannu daga kan ledar da ke cinyarta, ta nufi wani lungu a dama da yatsa, sai ta fasa, ta mayar da hannun ta gyara mayafinta. Ban tambaye ta ko nan ne ba. Motar gabanmu ta matsa, na bi bayanta muka hau gada.